Faifan da Baba Ke Ciki

Inna ba mai roƙo ba ce. Tun tasowata ban taɓa jin ta ce a sayo mata ko ɗankwali ba, sai dai ta yi ta kewaye-kewaye har mutum ya gane da kansa. Shi ya sa ranar da ta tsaya a ƙofar shagona, ɗakin da nake kwana a bakin zaure, lulluɓe da mayafin takaba, ta yi tambaya kai tsaye, na san maganar ta daɗe tana cin ta.

"Wai hoton ga da ka ɗauki Malam, shina nan?"

Malam shi ne mahaifina, haka take kiransa. Bai daɗe da rasuwa ba a lokacin. Geron da ya shuka da hannunsa ma ba a gama yankewa ba.

"Shina nan, Inna. Cikin ordinatar shike."

"To, in ka samu sarari ina so in gani."

"Ai ko yanzu ma," na ce, har da buga ƙirji, domin a kan wannan kwamfuta ba ni da kunya ko kaɗan.

Ba sayenta na yi ba, haɗa ta na yi, kuma duk Gidan Rumji babu wanda ban gaya wa ba. Ina koyar da lissafi a koleji a wancan lokacin, sabon mushe, wato malamin makaranta, mai ɗoki, kuma duk abin da ya rage mini a ƙarshen wata a kan ƙarafa yake ƙarewa. Akwatin na samo shi ne a wani buro, wato ofis, da ya zubar da tsofaffin kaya. Allon ciki daga kasuwar Maraɗi. Gilashin, mai ƙatuwar ƙeya, daga Katsina wani direba ya ɗauko mini shi a tsakanin buhunan masara. Murfin gefe ɗaya ba nata ba ne, da waya na ɗaure shi. Abokan aikina suna kiranta akurkin kaji, ni kuwa in gaya musu baƙin ciki ne ke damunsu. Tana aiki, kuma a cikinta nake buga tambayoyin jarrabawa na lakol ɗin, makarantar tamu gaba ɗaya, har da na masu yi mata dariyar.

Shi kuwa hoton, labarinsa daban. Mahaifina manomi ne mai sayar da gero da wake ranar kasuwa, kuma ba ya son hoto. Ba wa'azi yake yi a kai ba, shi dai in ya ga an ɗaga kyamara a wurin biki sai ya juya ƙeya. Katinsa na zamanin samartaka gara ta cinye shi tun kafin in yi wayo, bai kuma nemi wani ba. Sai shekarar nan da sojoji suka karɓi mulki suka ce riƙon ƙwarya za su yi, su shirya zaɓe su mayar wa farar hula. Gari ya cika da magana, rediyo ba ta da wata hira sai wannan, aka kuma yi ta yaɗa cewa wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ba zai jefa ƙuri'a ba. Wata safiya yana alwala ya kira ni ya ce, "Sun ce za su maido muna abinmu. In ba mu tahi mun amsa ba, wa zai amsa? Nemo abin hoton naka." Na aro kyamara wurin wani abokin aiki, na rataya farin zanen gado a jikin rumbu. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zizara kwalli, ya zauna a kan turmi. Na ce ya dubi cikin gilashin kada ya ƙyafta. Ya ce, "Yi maza, ba ni son shashanci." Na ɗauki 'yan kaɗan, na zuba su a kwamfutata, na kai aka wanko ƙanana aka haɗa da takardunsa. Katin bai fito ba har zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, kuma bai tashi ba.

To, ranar da Inna ta tambaya, na danna maɓalli ina murmushi. Fanka ta ɗauka kamar kullum. Sai na ji wata ƙara daga cikin akwatin, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa busasshiyar ƙwarya da farce. Murmushin ya bushe a fuskata. Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta ya san wannan ƙarar, kuma ba ya fatan jin ta. Faifan ajiya ne, wanda masu gyara ke kira dis-dur, ɗan ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da komai ke kwance a cikinsa. In ya fara ƙas-ƙas, ƙaramin hannun da ke karatu a ciki ne ke neman hanya yana kasawa, kuma kowace ƙara tana iya zama ta ƙarshe. Da ƙyar gilashin ya kawo haske. Na nufi inda hotunan suke, komai ya ƙame. Na kai hannu na fizge wayar daga bango, na ɗora wa wutar lantarki laifi.

"Kuran ba shi da ƙarhi yau, Inna. Sai gobe."

"To, Allah shi kai mu," ta ce, ta juya ta koma cikin gida. Ni kuwa na zauna a bakin gado.

Washegari na fara bin sawun hoton a wasu wurare. A buron da aka kai takardun aka ce an tura su gaba tare da na jama'a, babu wanda ya san inda suka tsaya. Mai wankin hoto ya ce shi ba ya ajiye fuskar kowa, in ya wanke ya goge. Mai kyamara ya ce matarsa ta haihu, hotunan suna sun hau kan komai. Ƙofofin da ake soka kile, ɗan ma'ajin nan na aljihu, a kwafi abu kuwa, tsawar farkon damina ta ƙone su duka a kwamfutar tawa, kuma ina zargin tun ranar ne faifan ma ya ji jiki. Na ƙirga na sake ƙirgawa, amsa ɗaya take fitowa: a duk duniya fuskar mahaifina wuri guda ta rage, cikin ƙarfen nan mai ciwo. Hanya ɗaya ce kuma ta fito da ita, in samo faifai na biyu in haɗa su ciki ɗaya, in kwashe daga wannan zuwa wancan kafin ya cika.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na lulluɓe kwamfutar da zane, ina wuce ta a kan yatsun ƙafa. In wani ya buga ƙofar zaure da ƙarfi sai in yi masa tsawa, ya tsaya yana kallona yana mamakin abin da ya same ni. A aji ina rubutu a allo, alli ya yi ƙas, sai gabana ya faɗi. Inna ba ta sake tambaya ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sai dai ta aiko mini da fura mai yawan nono, in na shiga gaishe ta ta dube ni kaɗan ta kau da kai. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka kai mahaifina makabarta. Ranar jana'iza an riga an gama, babu abin da ya rage a hannuna. Wannan kuwa a hannuna yake, ni kaɗai, kuma na riga na ce mata yana nan.

Da na samu ranar da babu lakol na shiga mota zuwa Maraɗi. A layin masu tsofaffin kayan lantarki na sami wani mutum mai rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Ya zaro faifai daga cikin kwali ya hure shi ya goga a riga.

"Mushe, wanga sabo ne hul. Bature guda ne ya yi aiki da shi, shi ma tsoho ne, ba shi da ƙarhi."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni, don ina neman wanda zai ce mini kada in damu. Ya ja tsaki cikin nishaɗi.

"Shina ƙas-ƙas? Kai, wanga ya gama. Kunnawa guda ta rage mishi, in ka yi sa'a biyu. Rannan wani ya kawo irinshi, muna kunnawa sai hayaƙi. Kawo shi nan in wanke maka shi tas."

Wankewa a bakinsu tana nufin goge duk abin da ke ciki. Na ce masa Allah ya kiyaye, na gode. Ya haɗa mini da wata 'yar manhaja a faifan CD, wadda ya ce in ana kwafar abu daga faifai mai ciwo tana riƙe duk abin da ta samu, ko da bai cika ba. Na naɗe sabon faifan a cikin hulata na rungume shi a ƙirji har gida. Duk ramin da motar ta faɗa sai na yi salati da ƙarfi, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ƙwai na sayo.

Da safe na rufe ƙofar shago na fara aiki. Na kwance wayar murfin, na sa turnabis na warware kusoshi na cire tsohon faifan a hankali, na ninke tawul na kwantar da shi a kai, cikinsa a sama, koren allonsa a buɗe. Dabarata ita ce kada in sake wahalar da shi da tayar da kwamfuta. Sabon zai ɗauki wannan nauyin, shi kuwa tsohon a jona shi daga baya a matsayin na biyu, a tambaye shi abu guda kawai. Na ɗaura sabon, na zuba masa tsarin aiki, komai ya tafi sumul har rana ta ɗaga. Ko wannan sumul ɗin sai da ya ba ni tsoro.

A gidanmu rufe ƙofa gayyata ce. Kafin azahar sai ga Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, wanda kullum yake zuwa gaishe da Inna tun da ta shiga takaba. Malami ne na unguwa, shi ake kai wa yara in sun kwana suna firgita. Ya turo ƙofar da sallama, ya tsaya yana kallon akwatin a buɗe da wayoyi a waje.

"Mushe, yanka ta ka yi?"

"Gyara nike, Baba."

"Innarka ta ce yayana na ciki. Ina shike?"

Na nuna masa faifan da ke kan tawul. Kafin in buɗe baki ya sunkuya ya ɗauke shi. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya juya shi, ya nufi kunne da shi zai girgiza.

"Baba, a hankali! Ba shi son girgiza."

Ya tsaya. "Ba shi da lahiya?"

"Ba shi da lahiya, Baba."

"To mi kake jira?"

Ya zauna a kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafafu, ya tallabi faifan da hannu biyu ya fara karatu. Tun daga bisimilla na san inda za a ƙare. Na sha ganin yadda yake yi wa jarirai: in ya idar sai ya tofa, 'yan tofi ƙanana masu yayyafi. Ga koren allon nan a buɗe daf da bakinsa, allon da ɗigon ruwa guda ya isa ya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Ta yaya zan ce wa ƙanen ubana addu'arsa za ta yi kisa? Da wane harshe? Na tsaya a kansa ina roƙon Allah a zuci ya sa tari ya sarƙe shi, ko ladan ya kira salla, ko akuya ta shigo. Babu abin da ya shigo. Da na dube shi da kyau sai na ga gemunsa yana karkarwa, idanunsa a rufe sun cika. Ba ƙarfe yake yi wa addu'a ba, yayansa yake riƙe da shi. Ya idar, ya tofa, ya sake tofawa, ya kuma. Wata ƙwalla ta biyo ta sauka a gefen allon ita ma.

Ya miƙo mini. Ina ganin 'yan ɗige-ɗigen suna sheƙi a tsakanin ƙananan wayoyin. Gogewa a gabansa kuwa ba ta taso ba, wannan zagi ne. Na karɓa da hannu biyu, na kai shi gaban fankar ɗaki na jingine.

"A bari addu'ar ta shiga tukun, Baba," na ce, muryata ba tawa ba.

Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. "Ashe lakol ba ta gama ɓata ka ba."

Muka tafi masallaci muka bar shi yana shan iska. Na bi liman na yi ruku'u na yi sujada, amma in aka ce in faɗi abin da na karanta a sallar nan, ƙarya zan yi. Muna sallamewa na riga kowa fita, Baba Ƙarami yana biye da ni, don ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ɗan'uwansa.

Faifan ya bushe, aƙalla a ido. Saura abu guda. Irin waɗannan tsofaffin faifai in za su zauna a kan ɗamarar wayoyi ɗaya, dole a nuna musu wane ne uban gida wane ne bara, in ba haka ba duka biyun su ƙi magana. Ana yin haka ne da wata 'yar baƙar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba, a cire ta daga wasu ƙananan allurai a bayan faifan a mayar kan wasu. Yatsuna sun jiƙe da gumi, suka ƙi kama ta. Na leƙa cikin gida na aro matsefatar Inna ta cire ƙaya. Ba ta tambaye ni me zan yi da ita ba. Na kama robar na ja, ta fito, ta kuɓuce ta yi tsalle ta ɓace. Muka durƙusa ni da dattijo muna lalube a ƙasa, ni ina huci, shi yana ta'awizi, har ya tsinto ta a cikin saƙar tabarma. Na sa ta inda ya dace, na duba, na sake dubawa. Na jona ɗamarar, na jona wuta. Na tsaya da yatsa a kan maɓalli ina tuna maganar mutumin Maraɗi, kunnawa guda.

"Danna mana," in ji Baba Ƙarami. "Ko sai na danna maka?"

Na yi bisimilla na danna. Babu hayaƙi. Fanka ta juya, sabon faifan ya ɗauka da 'yar siririyar ƙara, sai tsohon ya amsa, ƙas, ƙas, ƙas. Gilashi ya haska, na duba inda faifai ke bayyana, guda ɗaya ne kawai. Baba Ƙarami yana tambayata ko an gani, ni kuwa idona yana kan gilashin. Muna nan a haka sai ƙarar ta lafa, na ɗora yatsa a bayan tsohon faifan na ji yana juyawa daidai, sai ga shi ya fito a gilashi kusa da ɗan'uwansa. Ban yi murna ba, ban ma yi numfashi ba. Na buɗe wurin hotunan, ya daɗe kafin ya buɗu. Ba su da suna sai lambobi. Ban yi kwaɗayin kwashe duka ba, na san ba zai iya ba. Na zaɓi na ƙarshe, don na tuna a shi ne mahaifina ya zauna sosai, na ba manhajar nan umarni ta ɗauko.

Wani ɗan layi ya fito yana cika a hankali daga hagu. A faifai mai lafiya wannan aikin ƙyaftawar ido ne. Nan kuwa sai ya matsa kaɗan, ƙas-ƙas ta dawo, ya tsaya, ya sake matsawa. Na dafe teburin da hannu biyu don kada ya motsa. Gumi yana ɗiga daga haɓata ina kauce masa kada ya faɗa cikin akwatin.

Sai fankar ɗaki ta rage gudu, hasken gilashin ya dusashe. A lokaci guda na ji gurnani daga bayan katangarmu. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa mai aiki da lantarki, kuma kullum bayan azahar in mata sun taru yake tayar da shi, ya janye ƙarfin wutar layinmu gaba ɗaya. Na san da haka sarai, tsoro ne ya mantar da ni.

"Baba, injin niƙa! A kashe shi!"

Ban taɓa ganin Baba Ƙarami yana gudu ba sai ranar. Ya tattare babbar riga ya fita ba takalmi, ina jin muryarsa a titi yana kiran mai injin. Gurnanin ya mutu, hayaniyar mata ta tashi, fanka ta dawo da gudunta. Amma a cikin akwatin ƙas-ƙas ta koma sauri-sauri, sannan wata doguwar ƙara siririya ta biyo tana yin ƙasa, tana yin ƙasa, har ta ɗauke. Layin ya tsaya bai kai rabi ba. Na ɗora yatsa a kan faifan. Da ɗumi, amma babu motsi. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ko ƙas ɗin da nake gudu ban sake samu ba. Har yau ban san ko tofin ne, ko injin niƙa, ko kuwa kwanansa ne ya ƙare ba, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

A sabon faifan akwai abu guda da manhajar ta riƙe. Na daɗe ina kallon lambarsa kafin in buɗe. Hoton ya fara sauka daga sama: farin zanen gado, hular mahaifina, goshinsa da tabon sujada, girarsa, idanunsa da kwalli suna kallona kai tsaye, karan hanci. Daga nan sai toka. Babu baki, babu gemu, babu rigar Juma'a. Launin toka ne shimfiɗe har ƙasa, an yanke shi da layi miƙaƙƙe.

Baba Ƙarami ya dawo yana haki, ya sunkuya ya duba. Ya yi salati a hankali.

"Ina sauran?"

"Babu, Baba. Iyakar abin da ya hito ke nan."

Sannan ya rage murya. "Kar ka nuna mata wanga. Ka ce ya ɓace dut. Mace na cikin takaba a nuna mata mijinta rabi? Ba ta barci kuma."

Abin da ke raina ke nan shi ma. Duk tsoron da na sha a kwanakin nan bai kai na wannan lokacin ba. Na ga kamar ni na yanke shi da hannuna, kuma na san in ta gani ba za ta yi mini faɗa ba, za ta ce ba komai ta juya, ni kuwa in rayu da wannan ba komai ɗin. Na kai hannu zan rufe hoton, sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Unguwa duka ta ga malami yana gudu ba takalmi, balle ita da ke bayan katanga guda.

"An samu?" in ji Inna.

Baba Ƙarami ya yi gyaran murya, ya tuna da wani abu mai muhimmanci da ya baro a masallaci, ya zura takalmansa ya sulale. Malamin da ya tsayar da injin niƙa da baki ya bar ni ni kaɗai. Na miƙe na tsaya a gaban gilashin na kare shi da jikina.

"Inna, bai hito duka ba."

"Gusa."

"Inna, ki bari in kai shi Yamai, akwai masu..."

"Na ce gusa."

Na gusa. Ta matso ta zauna a kan kujerata, abin da ba ta taɓa yi ba. Na shiga zuba bayani, tsawa, da faifai, da kuran, da injin niƙa, ina haɗa wannan da wancan. Ta ɗaga hannu ba tare da ta juyo ba, na yi shiru. Ta daɗe tana kallo. Ina tsaye a bayanta ina jiran kuka, ko salati, ko ta tashi ta fita. Sai ta matsa da fuskarta kusa da gilashin.

"Ashe shina da ɗigo cikin ido."

Na leƙa. Ɗan ɗigon nan ne mai ruwan ƙasa a farin idonsa na hagu. Na san shi, duk wanda ya taɓa cinikin gero da shi a kasuwa ya san shi.

"Inna, ba ki sani ba?"

"Ina zan sani? In ya dube ni sai in sadda kai. Tun randa anka kawo ni gidan ga haka munka zauna." Ta ɗora yatsa a kan tokar, ta ja shi ƙasa a hankali. "Wanga da kake ma baƙin ciki, na san shi. Gemu, da wuyan riga, da hannuwa, da ƙahwahu, nan nike kallo kullum. Ko na ruhe ido ina ganinsu. Nan sama ne ban sani ba."



"Hita ka ja mani ƙohwa," ta ce. "Kar ka kashe."

Na fita na jawo ƙofar. Kafin ta rufu na hango Inna ta gyara mayafinta, ta ɗago kai sosai, ta tsura masa ido. Na ji ta ce, a hankali, "Sannu, Malam."